Kaka a Bakin Dajin Birnin Gwari

A 'yan shekarun nan, da zarar an ambaci Birnin Gwari a rediyo sai mai sauraro ya gyara zama yana jiran mummunan labari: an tare hanya, an kwashe matafiya, an tashi ƙauye. Sunan garin ya haɗu da na 'yan bindiga, har ta kai yaron da ya tashi a Kano ko Zariya bai san cewa ƙasar manoma ce ba, ƙasar da masararta da shinkafarta da waken soyarta ke cika manyan motoci zuwa kasuwannin hatsi irin su Dawanau. Ƙanwata tana aure a can, kuma ta daɗe tana ce mini, "Yaya, in za ka zo kada ka zo da damina, kada ka zo da bazara. Ka zo da kaka, ka ga gari yana cin guminsa."

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi kusan shekara goma a rufe. Direbobi suka fara komawa hanyar da suka ƙaurace wa. Da wata kakar ta zagayo, shamuwa ta yi ƙaura, iska ta fara juyowa daga gabas, sai na shirya.

Daga Mando a Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiyar kimanin kilomita 120 ce, ta Buruku da Udawa. Ita ce tsohuwar hanyar Legas, mai wucewa Tegina ta gangara Mokwa da Jebba. Bakano, wanda idonsa ya saba da fili fetal, gona na bin gona, kuka da gawo jefi-jefi, zai ga canji tun ba a yi nisa ba. Itatuwa suna matsowa bakin titi, ciyawa ta fi mutum tsawo, duwatsu masu sulɓi suna leƙowa ta bayan kurmi. A bakin kowane ƙauye an baza masara a tamfol, an shanya barkono a falalen dutse, yara suna miƙo ƙullin dafaffiyar gyaɗa da gurjiya ta tagar mota. Akwai kuma kangayen da ciyawa ta cinye. In an zo wuce su hira takan tsaya a mota, sai wani ya ce, "Allah Ya kiyaye gaba," a amsa da amin.

Garin ba baƙon matafiya ba ne. Tsohuwar Birnin Gwari, wadda ke arewa da garin yanzu, zango ce a kan hanyar fatake masu tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Nufe da ƙasashen goro, ta nan ma Kyaftin Clapperton na Birtaniya ya bi a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato. Ba kuma baƙon tashin hankali ba ne, don a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 mayaƙan Nagwamatse na Kwantagora sun addabi ƙasashen Gwari da Kamuku, mutane suka riƙa hawa duwatsu suna shiga kurmi don tsira. Yau Gwarawa da Kamukawa da Hausawa da Fulani ne ke zaune tare a masarautar da Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II ke riƙe da ita, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da dandali.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wurinsu shi ne sun san dajinsu da suna. Mu a birni daji yana zuwa mana a ƙulle a leda: daddawa, kuka, zuma, man kaɗe, sassaƙen maɗaci, gawayi. Muna biya mu karɓa, amma a kai mu gindin bishiyar ba za mu shaida ta ba. A Birnin Gwari kuwa mace tana kaɗa miya tana iya gaya maka gindin ɗorawar da kalwarta ta fito.

Tsakar gida ta cika

Na sauka da la'asar na tarar da gida babu wurin sa ƙafa. Babban gida ne na gandu, surukar ƙanwata, wadda kowa ke kira Inna, ita ce mai faɗa a ji. Duk inda ka duba shanya ce. Ga kuɓewa an yanyanka a tabarma, ga kabewa an fere an yanka dogo-dogo an rataya a igiya, ga zoɓorodo ja wur a faifai, ga shanshera da aka yi gumi da safe tana shan iska. Ganyen kuka kaɗai aka kai ƙarƙashin rumfa. Na tambayi dalili, Inna ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, kukar da ta sha rana ai ta koɗe. A inuwa take bushewa da korenta, sannan miya ta yi kyau." Ta nuna shanyar duka da baki ta ƙara da cewa miyar bazara ke nan, tun yanzu ake tanadinta, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kaka a nan ba rana ɗaya take shigowa ba, bi da bi take zuwa. Masara da gyaɗa sun riga sun shiga gida. Shinkafa da waken soya ana kan yanka da bugu. Wake ana roro, harawarsa ana ɗaurewa a ɗora bisa reshe inda awaki ba za su kai ba. Dawa tana tsaye ta sunkuyar da kai, sai sanyi ya kankama a girbe ta. Dankali yana ƙasa, auduga ta fara fashewa, rake ya shigo kasuwa. Gaisuwa ma ta bi lokaci: "Ina gajiya? Yaya kaka?" a ce, "Kaka sai godiya."

Mijin ƙanwata malamin makaranta ne, amma a nan albashi ba ya raba mutum da fartanya. Bayan magariba na same shi a zaure da fitila yana ƙirga buhunan masara, kowane goma ya ware ɗaya gefe. Zakka ce, ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar, kuma ita ake fara fitarwa kafin a yi maganar sayarwa. Ya ce a shekarun baya akwai manoman da sai sun biya 'yan bindiga kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka da hannunsu, akwai waɗanda suka bar masara ta ruɓe a tsaye. "Shi ya sa ka ga muna ƙirgawa muna sake ƙirgawa, Yaya. Ba rowa ba ce, daɗi ne."

Bayan Kawu da sassafe

Wanda ya kai ni bakin daji ƙanin Inna ne, kowa Kawu yake ce masa. Tsohon maharbi ne da ya jingine bindiga ya koma ɗaura amya. Tun da dare ya gindaya mini sharaɗi: za mu fita bayan sallar asuba, ba za mu ƙetare rafi ba, kuma azahar a gida za ta same mu. "Akwai inda muke zuwa, Malam, akwai inda ba mu koma ba tukuna. Baƙo ba ya gaba."

Kafin mu bar gonaki raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa. Hazon farko ya sauka, rana ta fito ba ƙarfi. Turawa suna yabon kakarsu saboda ganyen itatuwa da ke rikiɗa ya koma ja da rawaya kafin ya zube. A nan ciyawa ce ke rikiɗa. Ƙyasuwa ta yi jaja-jaja, gamba ta fitar da kai fari tana kaɗawa, shuci ya yi ruwan ƙasa. Doka, wadda ita ce ta fi yawa a wannan daji, nata adon sai an jira. Kawu ya ce bayan gobara ta wuce, a tsakiyar rani da komai ya ƙone ƙurmus, sannan take fitar da sabon ganye ja mai sheƙi, rawaya kuma ta huda toka ta fito da furenta a ƙasa ba ganye ko ɗaya.

Tafiyarsa ba sauri, kuma ba ya wuce bishiya bai ce komai a kanta ba. Ya tsaya gindin wani dogon maje ya ɓanɓaro ƙaro da farce ya miƙo mini. Na sansana, sai ga ƙanshin turaren wutan da na taso ina ji a ɗakin kakata. Ya buga ƙirya da gindin gatari, ta yi ƙara tsaf, ya ce ita ce gawayin maƙera, ita ce taɓaryar da ake gada. Marke na tari ne da asuwaki. Saiwar tafashiya ta ciwon ciki ce. Ɓawon kalgo igiya ne. A jikin wani maɗaci na ga tabon sassaƙa a gefe guda, tsoho da sabo, ɗaya gefen kuwa ba a taɓa ba. Ya ce ƙa'ida ce: ba a zagaye bishiya da sassaƙa, in ka ɗebi gabas ka bar mata yamma, in ba haka ba ka kashe ta, baɗi kuma ka rasa. Ɗorawa da kaɗanya ko a tsakiyar gona suke manomi ba ya sa musu gatari, sai dai ya kewaye su da garma.

Kayan marmarin daji ma kowanne da watansa. Ɗinya tana ƙarewa, ta zuba baƙi ƙirin a ƙasa, mun tarar da 'yan mata sun riga mu suna tsinta a ƙwarya za a kai gida a yi maɗi, bakin kowacce ya yi baƙi. Kanya ta fara nuna, taura da saura, tsamiya sai sanyi ya yi nisa, ɗorawa sai bazara, kaɗanya sai farkon damina. "Daji rumbun talaka ne," in ji Kawu, "sai dai ba a buɗe shi gaba ɗaya. Kowane wata da abin da yake ba ka."

A wata fadama ya durƙusa ya nuna mini 'yan guntayen kara a tare wuri guda, kowanne an yanke shi a karkace. Gyazbi ne ya ci abincin dare a nan. Gaba kaɗan ga sawun gada a laka, ƙanana masu tsini, ga inda zabin daji suka yi birgima a ƙura suka bar gashi. Ya ɗaga wata totuwar masara da aka gaigaya aka yar, ya ce aikin jan biri ne, ɓarawon da ke ajiye mai gadi a kan reshe kafin ya shiga gona. A sama cilakowa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya sun nufi kudu, yadda suke yi duk ƙarshen damina. Shirwa ta dawo tana jiran a fara ƙuna ta yi ta kamun fara a bakin wuta. Cikin tsattsewar da ke shawagi bisa fadamar akwai waɗanda daga Turai suka taso, sanyin can ya koro su suka ƙetare Sahara, su yi rani tare da mu su koma.

A hanya mun yi kiciɓis da matan Gwari sun fito daga gona da doya, kowacce ta ɗora ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa, ba a ka ba, yadda al'adarsu take. Kawu ya gaishe su da harshensu suka amsa da Hausa, aka yi dariya aka wuce.

Amyoyinsa suna kan wata ɗorawa kusa da rafi. Ya sauko da wata sabuwa da bai gama shiryawa ba ya nuna mini. Da ciyawa ya saƙa ta, doguwa mai faɗin da hannu zai shiga har kafaɗa, ya shafe cikinta da kashin shanu ya bari ya bushe, ya turara ta da hayaƙi mai ƙanshi don ƙudan zuma su so ta. Bakin an toshe da faifai mai 'yar ƙofa. Ya naɗe ta da shuci saboda rana, ya ɗaure a cikin rassa da igiyar kalgo, bakin yana kallon inda iskar hunturu ba ta bugowa. In lokacin sha ya yi da dare ake hawa, da hayaƙi. Ya ce matasa masu gaggawa sukan cinna wuta su ƙone ƙudan duka su kwashe saƙar. Shi kuwa yakan bar musu rabonsu, shi ya sa amyarsa ba ta zama kango.

Abin da ke ƙetaren rafi

A bakin rafin muka zauna, inda tukurwa da gora suka yi duhu, ya nuna yamma da sandarsa. Can ne gandun dajin Kamuku. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 kuma gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,121 ne, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Masu nazari sun ƙirga tsuntsaye iri 177 a cikinsa, har da tuje da burtu, ga gwanki da kanki da mazo da mugun dawa da gwaggon biri. Giwaye ma sun kasance suna kai da komo tsakaninsa da Kuyambana.

Kawu ya san wuraren da ƙafarsa. Ya ba ni labarin Dogon Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse ka ji ƙararsa tun daga nesa. Ya ba ni na Goron Dutse, takwaran namu na Kano, wani ƙaton dutse sumul mai zanen fari da baƙi, da na Tsaunin Rema, tarin manyan duwatsu bisa juna inda remaye ke fitowa shan hantsi. A da ɗalibai da masu yawon buɗe ido sukan zo daga Kaduna da Zariya don ganin waɗannan wurare. Da 'yan bindiga suka mayar da dajin mafaka, ƙafa ta ɗauke. Ya ce rabonsa da ganin kashin giwa ya manta. Ya faɗe shi ba tare da ƙorafi ba, ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce rana ta yi, mu koma.

Faten Inna

Mun iso gida Inna ta ɗora tukunyar fate a murhu. Na ci fate a Zariya da Kaduna, amma ban taɓa zama na ga yadda ake haɗa shi da kayan da duk daga bayan gida suka fito ba. Tsakin na sabuwar masara ne, an surfa an ɓarza an bushe dusar an wanke. Ruwa ya tafasa da ƙashin miya da busasshen kifi. Ta daka daddawa da attaruhu da albasa ta zuba, ta bi da ɗanyar gyaɗa dakakkiya, ta yanka gauta ta jefa. Sai ta fara barbaɗa tsakin da hannun hagu tana juyawa da muciya a dama, kaɗan-kaɗan don kada ya yi gudaji. Ta rage wuta ta janye itace biyu, ta rufe. Da tsakin ya fashe ya yi laushi ta kawo ganye tuli guda, yakuwa da alayyafo, ta danna su ciki, ta ɗiga ruwan kanwa don ya kashe kaifin tsamin yakuwar. Manja ne ƙarshe, da ɗanyar albasa a sama.

Ƙanwata, wadda a gidanmu ko murhun itace ba ta iya hurawa ba, ita ce ke ɗanɗanawa tana cewa, "Inna, a ƙara gishiri kaɗan." Yanzu da ido take gane kalwar bana da ta bara. Ta nuna mini tukunyar da suke dafa kalwar yini guda cur kafin a surfe ɓawon a wanke a sake dafawa, sannan a rufe da ganye a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta yi wari, a kirɓa a mulmula a shanya. Ta ce tun da ta koya ba ta ƙara sayen daddawar kasuwa ba, kuma dunƙulen ɗanɗano na kanti ya zama na ƙari kawai.

Abincin kaka a gidan nan ba ya maimaita kansa. Yau tuwon sabuwar shinkafa da miyar taushe ta kabewa, gobe dambu da zogale, jibi ɗanwake ko kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Da safe kunun gyaɗa. Yara kuwa suna da nasu girkin: su fita da sanyin asuba lokacin da fara ba ta iya tashi, su cika gwangwani, a cire fiffike a soya da yaji. Da dare su binne dankali a tokar murhu, su yi ta gardamar na wane ne ya fi girma. Kuma ba a sauke tukunya ba a zuba na maƙwabta ba. Kwano yana fita da fate ya dawo da gurjiya.

Bayan la'asar

Da rana ta yi sanyi sai hannaye su koma wani aikin, wanda rabinsa buƙata ce rabinsa nishaɗi. Maza suna rige-rigen yankan gamba da shuci kafin gobara ta riga su. A ƙofar gida wani dattijo yana saƙar zana, ya yayyafa wa gambar ruwa don ta yi laushi, yana sarƙa ta a karkace yana hira ko kallon hannunsa ba ya yi. Kusa da shi ana yantar shuci don baibayar rumbu. A cikin gida mata suna ɗinkin faifai, wasu da kaba rinanniya, wasu da zaren buhu mai launi. Inna tana cikin 'yan tsirarun da har yanzu ke gurzar auduga su shiɓe ta su yi kaɗi da mazari. Ta ce ba don kuɗi take yi ba, hannunta ne ba ya son zama. An yanko duma an jera a kan danga, in sun bushe a fafe, a sami ƙwarya da ludayi da gora.

A gindin wata tsamiya ana dara. Gurabe 30 ne a ƙasa, layi biyar a shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ɗaya da tsinke ɗaya da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya cire ɗaya daga na abokin karawarsa. 'Yan kallo sun fi 'yan wasan zafi, kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Wani saurayi a gidan Inna, kiwon tantabaru ne abin sonsa. Ya rataya tsofaffin tukwane a jikin katanga, ya san kowacce da mijinta, in ya yi fito sai su sauko masa a kafaɗa. Kaka kuma ita ce lokacin aure da dambe da kokawa, don aljihu ya yi nauyi, ciki ya cika. Tsofaffi suna ba da labarin kalankuwar da, yadda samari da 'yan mata na ƙauyuka ke haɗuwa a kwana ana kiɗa. Samarin yanzu suna da gidan kallon ƙwallo da wayoyinsu, amma na ga waɗanda suka tashi daga kallon wasan Ingila suka zo suka tsuguna a bakin dara.

Da dare Kawu ya shiga ɗaki ya fito da kan burtunsa, baki da wuya da igiyar ɗaurawa a goshi. Da shi maharba ke yin shigar burtu: mutum ya lulluɓa da baƙin zane ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai yana ɗagawa, dabba ta ɗauka tsuntsu ne ke kiwo har a matso kusa da ita. Ya ɗaura ya yi taku uku a tsakar gida, yara suka watse da ihu suna dariya suna dawowa. Bayan nan aka shimfiɗa tabarma Inna ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Cikin yaran nan da ke dariya babu wanda ya taɓa ganin burtu mai rai. Wannan ne abin da ke damun Kawu fiye da giwayen da suka ɓace. Yaron da aka haifa da fara rikicin yanzu ya isa shiga sakandare, kuma ya tashi ana ce masa kada ya wuce bayan gari. Ya san sunan ƙirya a baki, bai san ganyenta ba. Irin wannan ilimi ba a allo yake ba, ba a littafi yake ba, a bayan babba ake koyonsa ana tafe ana nunawa. Shi ya sa duk ranar da babu makaranta Kawu yakan tasa jikokinsa gaba zuwa bakin rafin, ya tsinko ganye ya ce, "Wannan fa?" Wanda ya canka ya sami saƙar zuma.

Akwai kuma laifin da ke wuyanmu mu mutanen birni. A hanyar dawowa na ga motoci shaƙe da buhunan gawayi da itace sun nufi Kaduna. Yawancin wannan kaya a murhunanmu da wuraren gashinmu yake ƙarewa, kuma bishiyar da ta yi shekaru tana girma a yini ɗaya ake kayar da ita. Zaman lafiya ya buɗe hanya ga mai masara, ya kuma buɗe ta ga mai zarto. Ƙa'idar Kawu ta ɗibar gabas a bar yamma ba ta shiga lissafin ɗan kasuwar da bai san gindin bishiyar ba.

Wanda ke son zuwa, ya zo tsakanin ƙarshen Oktoba da farkon Disamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙuna ta cinye ciyawa. Ya tambayi halin hanya a tasha kafin ya hau mota, ya yi tafiyar rana, ya sauka a hannun ɗan gari. Ya gai da mai unguwa, kada ya shiga daji shi kaɗai, kuma inda aka ce masa a tsaya ya tsaya. In zai yi tsaraba ya sayi zuma da daddawa da man kaɗe da faifai daga hannun masu yin su, kada ya yi ta ja-in-ja a kan ciniki, don kuɗin nan ne ke sa manomi ya ga amfanin barin ɗorawa da kaɗanya a tsaye. In kuma yana da yara ya taho da su. Na Kano ma suna da buƙatar a tsinko musu ganye a tambaye su sunansa.